Ranar da Zanen Pirlinya Ya Ɓace

Ni na fara ganin katakon da aka ɗaure zanen a jikinsa. Na buɗe ƙofar rumfar zane, inda matanmu suke zanen fenti, da safe, butar shayi a hannuna, sai ga shi jingine da bango inda muka bar shi, amma fayau, babu komai a jikinsa sai bakin ƙyallen da wuƙa ta bari. An yanke zanen Pirlinya an tafi da shi. Zane ne da ya fi mota tsawo, matan garinmu Yarlkiri sun kwashe rani guda a durƙushe suna ɗiga masa fenti.

Pirlinya kwarmin dutse ne mai ruwa, yana cikin gonar shanun gidan Tolhurst. A nan kakan Angus Tolhurst da mahayansa suka ritsa mutanenmu suka harbe su, zamanin da tsohuwa Maudie Napurrurla take goye a bayan uwarta. Ran Asabar aka shirya shimfiɗa zanen a bakin ruwan, Angus ya tsoma hannu a fenti ya danna a kusurwarsa, ya miƙa mana makullin shingen da ya raba mu da ruwan. Sulhu ke nan, in ji masu jawabi.

Kafin rana ta ɗaga gari ya taru. A bayan rumfar, kan jan yashi, ga sawun babban takalmi mai tudun dunduniya, irin wanda ma'aikatan gonar Tolhurst suke sawa. Kusa da shi kuma ga sawun tayar motar Angus.

"Me ake jira kuma?" in ji Leston Jampijinpa, shugaban majalisar gari. Shi ya fi kowa fafutukar wannan sulhu, amma ranar idonsa ja wur. "Ga takalmi, ga taya. Sun fasa ba da ruwan ne, suka rasa bakin faɗa."

Ɗansa Tyrone, jikan Maudie, ya tofar da yawu. "Da ma na faɗa. Ana sulhu da wanda bai taɓa cewa ya yi laifi ba?"

Maudie tana zaune a ƙasa can nesa, ta juya wa taron baya saboda surukinta Leston yana wurin. A al'adarmu namiji ba ya kallon uwar matarsa, ba ya yi mata magana, ba ya ko kusantar inda take. Ta yafito ni da sandarta. Ta girme ni da shekaru masu yawa, amma a tsarin danginmu ni uwa ce gare ta.

"Inna, kira min ubanki."

Ubana Barney Jungarrayi mai bin sawu ne. Da ƙuruciya ya yi wa 'yan sanda aiki, kuma garin bai taɓa yafe masa ba. Da na kawo shi, wani daga cikin samari ya yi haushin kare, aka kwashe da dariya.

Baba bai waiwaya ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Garken jakuna ne suka wuce nan?" ya ce. "Kun tattake min komai."

"Sai ka shinshina, ai ka iya," in ji Tyrone.

"Na iya. Shi ya sa nake jin warin mai rashin kunya tun daga gida."

*

Da Gwen muka fara, Baturiyar da ke kula da rumfar zane. Muka same ta a ofis, waya a kunne, tana ta haƙurƙurtar da wani. Mutane sun riga sun fara raɗa cewa ita ta sayar da zanen ga masu kuɗin birni.

"Barney, kai ma?" ta ce. "Shekara nawa ina cin ƙura tare da ku?"

"Ƙura kowa yana ci. Wa ke da makulli?"

"Ni, da Noreen 'yarka, da ofishin majalisa. Amma ƙofar baya ko akuya ta tura za ta buɗe."

"Akwai wanda ya ce kada a yi bikin nan?"

Ta lissafa da baki: Tyrone, da matar Angus, da wasu tsofaffi biyu. Sai ta ƙara da cewa, "Leston ma ya zo kwanaki, ya ce a ɗaga zuwa baɗi. Saboda rasuwar matarsa. Na ce masa baƙi sun riga sun shirya tafiya, kuma Maudie ce mai zanen, ita ta ce a yi. Ya juya ya fita."

Matar Leston ita ce 'yar Maudie tilo. Ta rasu da sanyin nan, ba ma faɗin sunanta, don ba a kiran sunan mamaci a wurinmu. An share gidansu da ganye an rufe, Maudie kuma ta koma kwana gindin bishiya a bakin busasshen rafi, kamar yadda ake yi.

"Zan kira 'yan sanda," in ji Gwen.

"Kira su," Baba ya ce. "Kafin su iso sai dai su ƙirga gawa."

Ya duba takalminta, ya duba tayar motarta, ya fita. A waje ya ce mini, "Ba ita ba ce. Tana da bakin tsiya, amma ba ta ɗaga wannan ƙyalle ita kaɗai."

*

Na tuƙa shi zuwa gonar Tolhurst. Ashe an riga mu. A bakin shinge muka tarar da motar Angus, gilashinta a tarwatse. Shi kuma yana zaune a barandar gidansa, matarsa tana danna masa tawul a goshi, tawul ɗin ya jiƙe da jini. Karnuka suka yo kanmu, ba wanda ya tsawata musu.

"Kun zo ƙarasa ni ne?" in ji Angus.

"Wa ya yi maka?"

"Kana tambaya? Ɗan shugabanku. Ina buɗe shinge suka tare ni, ya ɗauki dutse. Waɗannan ne mutanen da zan ba ruwa."

"Ruwansu," na ce.

Matar ta harare ni. "Na riga na kira 'yan sanda. Ku fita mana daga gida."

Baba ya tsaya inda yake, hularsa a kai. "Ɗan Tolhurst, me ya kai motarka bayan rumfar zane?"

Angus ya kawar da kai. "Jiya da yamma na je. Na leƙa ta taga."

"Don me?"

"Don in ga abin da zan sa wa hannu. Kowa ya gani, ban da ni." Ya ture hannun matarsa. "Na ga dawakan. Na ga jan da suka zuba kewaye da ruwan. Kakana ne ya koya mini hawan doki, tsoho. Ka san yadda abin yake, a ce ka danna hannu a kan haka?"

"Ban sani ba. Nawa kakan a cikin jan yake."

Baba ya nuna ƙafar Angus da haɓa. "Taka min nan."

"Ni ba ɓarawon shanu ba ne."

"Taka, ko kada ka taka. Samarin can suna neman fetur, maganar ƙona rumbun ciyawarka suke yi."

Angus ya sauko yana zagi, ya yi taku kaɗan a yashi. Baba ya kalla. Takalmin iri ɗaya ne, amma Angus da dunduniya yake dukan ƙasa kamar mai bin ta bashi, ƙafarsa ta hagu kuma tana buɗewa waje tun faɗuwar da ya yi daga doki.

"Wa kuke ba irin wannan takalmi?"

"Duk wanda ya taɓa yi mana aiki. Rabin mazan garinku."

A mota Baba ya ce, "Wanda ya ɗauki zanen da tafin ƙafa yake taka ƙasa. Ya tashi ba takalmi. Namu ne."

Na fi son a ce Angus ne, kuma na san duk garin haka suke so.

*

Tyrone muka samu a bayan shagon gari da abokansa, jarkokin fetur biyu a gabansu. Shi ma ya taɓa aikin shinge a gonar, yana da takalmin. Kuma shi ne ya tsaya a taro ya ce gara a ƙone zanen da a ce Bature ya taɓa shi.

"Tsohon kare ya dawo daga gidan ubangidansa," ya ce. "Sun ba ka ƙashi?"

"Sun ba ni labarin wani jarumi da ya fasa kan mutum a kan abin da bai gani ba. Ina takalminka na gona?"

"Au, ni kake zargi? Ni? Hannun uwata yana cikin zanen nan!" "Duk gefen gabas ita ta ɗiga, tana tari tana ɗigawa. Zan sa masa wuƙa?"

Ya shiga ɗaki ya wurgo takalman a gaban Baba. Gizo-gizo ya yi saƙa a cikin ɗaya.

"Ku ba ni zuwa la'asar," in ji Baba. "In ban kawo muku mutum ba, ku ƙona abin da za ku ƙona, ku tafi kurkuku ku bar kakanninku su mutu ba mai ɗebo musu itace."

"Zuwa la'asar," in ji Tyrone. "Ba don kai ba."

*

Muka koma bayan rumfar. Baba ya bar inda aka tattake, ya yi babban zagaye cikin ciyawa mai ƙaya har ya tsinci sawun a inda ba wanda ya bi. Ga takalmin, ya nutse sosai a dama saboda nauyin naɗaɗɗen ƙyalle a kafaɗa. Ya miƙe sak ya nufi rafi, wajen hanyar da ke zuwa gonar Tolhurst.

"Ka gani, can ya nufa," na ce.

"Can yake so mu ce ya nufa. Yi shiru."

Rana ta take. Ƙudaje suka lulluɓe mana baya. Muna tafe har muka hango bishiyar Maudie, da bargonta a rataye, da hayaƙin wutarta. Hanyar rafi ta gefen bishiyar take bi, kowa nan yake wucewa. Sai sawun ya tsaya cak. Ƙafa biyu a jere, sun ɗan nutse, kamar mai su ya daɗe a tsaye. Daga nan ya karya hagu, ya bar hanya mai laushi, ya kutsa cikin ƙaya da duwatsu, ya yi wani dogon lanƙwasa mai wahala, bai dawo hanya ba sai da bishiyar ta koma bayansa da nisa. A kan tsakuwar titi ya ɓace.

"Tsoron karnukanta ya ji," na ce.

"Karnukan Maudie? Ko ɓera ba sa yi wa haushi. Ita kuma ba ta jin ko tsawa in ta kwanta." Ya nuna mini sawun a cikin lanƙwasar. Yatsun takalmin duk sun karkata waje. "Dubi nan. Ba hanya kaɗai ya kauce ba. Fuskarsa ma ya kawar. Ba mai ganinsa, kaya a kafaɗa, ƙaya tana cinsa, amma ya kasa bi ta gabanta."

Na gane kafin ya faɗa. Bature zai wuce sak. Jika zai wuce sak, har ya sha ruwa a gwangwaninta. Mutum ɗaya ne a Yarlkiri da ƙafarsa ba za ta yarda ta kusanci inuwar Maudie ba.

Baba ya zauna a kan dutse, ya cire hula. Ban taɓa ganin ya kama sawu ya yi baƙin ciki irin na ranar ba.

"Da na sani," ya ce, "da na ce idona ya mutu."

*

Da la'asar aka taru a gaban rumfar. Gwen tana bakin ƙofa, hannu a harɗe. Angus ya zo da ɗinki a goshi, ya ƙi fitowa daga inuwar motarsa. Tyrone da samari a gefe guda. Maudie can nesa, bayanta gare mu, ni kuma a tsakani don in kai magana in kawo. Leston ya tsaya a gaba a matsayin shugaba.

"To, Jungarrayi, faɗi," in ji shi. "Mutane sun gaji."

Baba ya fara da Gwen, ya ce ba ita ba ce, aka yi gunaguni. Ya ce ba Tyrone ba ne. Da ya ce ba Angus ba ne, wuri ya hargitse.

"Nawa ya biya ka?"

"Da ma karensu ne!"

Baba ya jira har suka gaji. Sa'an nan ya tsuguna ya zana a yashi da yatsa: ga rumfa, ga rafi, ga bishiya, ga layin da ya taho sak ya lanƙwashe. Bai ambaci suna ba. Tsofaffin mata ne suka fara yin tsit, sai maza, har shirun ya kai ga samari. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka koma wuri guda.

"Ƙarya ne," in ji Tyrone. Ya dubi ubansa. "Baba, ce musu ƙarya ne."

Leston yana kallon zanen yashin.

"Baba!"

"Yana cikin gidanmu," Leston ya ce a hankali. "Gidan da aka rufe. Ban taɓa fentin ba."

Wata mata ta sa kukan makoki irin namu, doguwar kuwwa. Gwen ta rufe baki da hannu.

"Ni na kawo maganar sulhun nan," in ji Leston, yanzu da ƙarfi. "Ni na zauna da su, ni na sha zagi. Amma lokacin tana da rai. Yanzu ko sunanta ba na iya kira, hotonta an cire daga bango, amma aikin hannunta za a shimfiɗa a rana, baƙi su ɗauki hoto, wannan ya zo ya danna hannunsa kusa da nata, a kai birni a rataye masu shan giya suna nunawa da yatsa. Na je wurin Gwen, ta ce baƙi sun riga sun shirya. Ta ce mai zane ce ta yanke. Mai zanen kuwa..." Ya kasa ko nuna wajen. "Ta yaya zan yi mata magana? Da wane baki?"

"Da bakina," na ce. "Ina nan. Ba ka aiko ni ba."

"Takalmin fa?" in ji Angus daga inuwar mota. "Shi ma baƙin ciki ne ya sa maka?"

Leston ya juya gare shi, fuskarsa ta canza. "A'a. Wannan da gangan na sa. Na ce sau ɗaya dai a ɗora wa gidanku laifin da ba ku yi ba, ku ji yadda yake."

"Na ji," in ji Angus, ya taɓa goshinsa. "Ɗanka zai ji saura."

Tyrone ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya taka har gaban ubansa. Na ɗauka dukansa zai yi, maza biyu ma sun yunƙura.

"Kana tsaye da safe," ya ce. "Kana ji ina cewa zan je. Ka bar ni na tafi."

Tyrone ya tofa yawu a ƙasa tsakanin ƙafafun ubansa, ya juya.

Sandar Maudie ta bugi ƙasa. Na je na durƙusa.

"Inna," ta ce, ba ta juyo ba, amma da muryar da kowa zai ji. "Gaya wa wancan da ke bayana: kafin ta zama tasa, tawa ce. Ni na haife ta a bakin rafin nan. Ita ta riƙe hannuna ta ce kada a ɓoye gefenta, ta ce a kai shi Pirlinya ko ba ta nan. Da ya aiko, da an gaya masa. Gaya masa ya je ya ɗauko da kansa."

Na maimaita, ko da yake ya ji.

"Gaya wa ɗan Tolhurst kuma: kakansa ya harbe kakata da yayyena biyu, ya mutu a gadonsa da tsufa, ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Shi an fasa masa goshi, yana neman jikana."

Angus ya yi jajir. "Ba ni na harbe su ba."

"Ba na ce kai ba ne. Na ce ka ji."

*

Ran Asabar aka shimfiɗa zanen a bakin ruwan. Maudie ta sa muka ɗinka farin ƙyalle a kan gefen gabas, ta ce sai shekara ta zagayo a buɗe. Baƙi sun tambaya, ba wanda ya ba su amsa. Angus ya tsoma hannu a fenti ya danna, ya miƙa makulli ba tare da ya kalli kowa ba, mu ma ba mu tafa ba. Leston ya ajiye shugabanci, ya tsaya can bayan motoci. Baba bai je ba, ya ce ya ga abin da ya ishe shi.

Angus ya gaya wa 'yan sanda ya janye ƙara. Suka ce rauni irin wannan ba a janye shi da baki. Washegari suka zo da mota suka ɗauki Tyrone a gaban shago. Bai yi gardama ba, bai kuma dubi ubansa ba.

Maudie tana zaune a wannan gefen titi, Leston yana tsaye a wancan, kowa ya kawar da fuska daga ɗan'uwansa, motar ta bi ta tsakaninsu ta tayar da ƙura. Da ƙurar ta lafa, tsohuwar ta ciro bargon da take zaune a kai, ta naɗe shi da ƙyar, ta tura mini.

"Inna, kai wa wancan. Ce masa ɗakin da za su kulle yaron akwai sanyi. Ce masa ya daina tsayuwa kamar kututture, ya tada mota ya bi ɗansa."

Na tsallaka titi na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya rungume bargon a ƙirji, ya tafi neman makullin motarsa.